Kamfani kan mutu ne tun kafin ya isa gaban alƙali

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a kasuwanninmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ɗan kasuwa ya gwammace ya yi ta ɓoye ciwonsa da a ce ya karye. Ni a ganina wannan kunya ita ce babban cikas ga dokar da aka tanada domin ceton kamfanonin da bashi ya danne.

Dokar kuwa tana nan. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, domin daidaita dokokin kasuwanci. A 1998, a Libreville, aka zartar da dokar warware basussukan kamfanoni, aka sake mata fasali a Grand-Bassam a 2015. Ƙofofi huɗu ta buɗe. Biyu na rigakafi ne: sulhu cikin sirri tsakanin mai kamfani da manyan masu bin sa bashi, da shirin da kotu ke dakatar da ƙararraki na wata uku domin a daidaita biya. Biyu kuma na bayan an kasa biya ne: farfaɗo da kamfanin ƙarƙashin idon kotu, ko sayar da kadarorinsa a raba wa masu haƙƙi. Wanda ya kasa biyan basussukan da wa'adinsu ya cika, doka ta ba shi kwana 30 ya sanar da kotu.

Waɗanda suka rayu shekarun baya sun san abin da jinkiri ke haifarwa. An rushe bankin BDRN a 1990, bayan basussukan da ba a biya ba sun cinye shi. Air Afrique, wanda Nijar ke da hannun jari ciki, ya daɗe yana jinya kafin kotun Abijan ta yanke hukuncin rushe shi a 2002, ma'aikatansa suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu. Duka biyun, an ga alamun ciwo tun da wuri. Yanke shawara ne ya yi wuya.

Na san wani attajirin hatsi da ya yi irin wannan jinkiri. Sa'ad da ciniki ya juya masa baya, sai ya riƙa cin sabon bashi yana biyan tsoho, ya jinginar da gida, bai faɗa wa kowa ba. Ranar da maganar ta kai kotu, babu abin farfaɗowa, sai mota guda da rumbu fanko. Alƙali ya nemi littafin lissafi, aka tarar kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya su ke.

Nan matsalar ta ke. Dokar ta ɗauka cewa kowane ɗan kasuwa na da lissafi rubutacce, alhali yawancin cinikinmu kan amana ya ke tafiya, tsakanin uban gida da yaronsa, da baki da shaidu. Gyaran 2015 ya sauƙaƙa hanya ga ƙananan kamfanoni, masu ma'aikata 20 ko ƙasa da haka, waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce sefa miliyan 50 ba. Kotun kasuwanci ta Yamai kuma ta fara aiki a 2016. To, amma mutumen da bai taɓa jin labarin dokar cikin harshensa ba, yaya zai ƙwanƙwasa ƙofarta?

Shawarata ga hukumomi ita ce a fassara ginshiƙan dokar da Hausa da Zabarmanci, a yaɗa su ta rediyo, a kuma jawo shugabannin ƴan kasuwa cikin aikin sulhu, tun da su aka saba kai wa kuka. Gwamnati ma ta biya ƴan kwangilarta kan lokaci, domin bashin da ta riƙe kan karya kamfani mai lafiya. Ku kuma ƴan'uwana ƴan kasuwa, ku raba kuɗin gida da na shago, ku rubuta shige da fice. In iska ta fara kaɗawa, ku nemi sulhu tun jari na da sauran numfashi, domin ma'aikatanku da masu bin ku bashi su ma da iyali a bayansu.