Kunne Ke Ciwo, Cuta Na Cikin Baki



Akwai wata ɗabi'a tamu da ke damuna. Kemis ne likitanmu, in ciwo ya ƙi ji kuma sai a ce bari a koma gida a yi na gargajiya. Sankarar baki irin wannan jinkirin take so.

Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya a nan Idi-Araba ya yi wata huɗu yana ɗiga magani a kunnensa na hagu. Ranar da na raka shi asibiti aka duba kunnen, lafiya lau. Sai likita ya ce, "Baba, buɗe baki, ɗaga harshe." Nan aka ga gyambo mai tauri, daidai inda ya daɗe yana ƙunsa taba gari.

To me ya haɗa harshe da kunne? Jijiya ce. Jijiyoyi 12 ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta 5 ita ke ɗaukar jin taɓi da zafi na fuska, kuma rassa uku gare ta: na goshi da ido, na muƙamuƙin sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Wannan na ukun shi ya haɗa gaban harshe, dasashin ƙasa, haɓa da wani sashe na kunne. Tunda hanyar ɗaya ce, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora wa kunne zafin da ya taso daga harshe. Haka ta 9 take haɗa tushen harshe da cikin kunne.

Abin tsoron shi ne da farko sau da yawa gyambon ba ya zafi. In cutar ta yi nisa takan bi jikin jijiya kamar yadda gara ke bin azara. Sai magana da tauna su zama azaba, ko leɓen ƙasa ya mutu, mutum ya taɓa bai ji ba.

Don haka miki a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja, ko ciwon kunne ɗaya da ya ƙi magani, a nufi likitan haƙori. LUTH ga ta a ƙofar gidanmu, 'yan Sabon Ibadan kuma UCH ba ta da nisa da ku. Wadda aka gano da wuri ta fi jin magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.