Kafin a Yanke wa Katin Hoto Hukunci

Wanda ya sayi kwamfuta haɗaɗɗiya, in ta ƙi aiki, shago yake mayar da ita. Wanda ya haɗa tasa da hannunsa kuwa, shi ne maginin, shi ne kuma mai gyara. Katin hoto, wato sashen da ke sarrafa duk abin da ake gani a sikirin, shi ne yawanci mafi tsada a cikin kayan, ga shi sau da yawa odarsa aka yi daga waje ko kuma na hannu aka saya, mayar da shi sai an sha wuya. Saboda haka idan aka kunna sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne kati ya mutu. Wannan zato ya kamata ya zo a ƙarshe, domin kafin hoto ya fito akwai sassa da yawa da sai sun yi aikinsu.

Na farko shi ne wayar sikirin. Madabod, faifan da dukkan sassa ke haɗuwa a kansa, yana da ramin HDMI nasa, katin ma yana da nasa a ƙasa da shi. Idan aka soka waya a na madabod alhali furosesar ba ta iya fitar da hoto da kanta, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, ba za a ga komai ba ko da katin lafiyarsa ƙalau.

Na biyu shi ne zaman katin. Dole ya shige gurbin PCIe har maɗaurin da ke ƙarshen gurbin ya kama shi. Manyan katuna suna da nauyi, sukan rinjaya gefe guda. Kafin a taɓa shi sai a cire wuta gaba ɗaya, a dafa ƙarfen akwatin, musamman lokacin hunturu, sa'ad da bushewar iska ke tara lantarki a jikin mutum.

Sai batun wuta. Gurbin kansa wat 75 kaɗai yake bayarwa. Waya mai ƙafa 6 tana ƙara 75, mai ƙafa 8 tana ƙara 150. Katin da ke buƙatar wayoyi biyu aka ba shi ɗaya, ba zai tashi ba. Sakaci a nan yana da tsada: a 2022, bayan fitowar RTX 4090, an sami mahaɗan wuta da suka narke, binciken Nvidia kuma ya nuna cewa rashin soka wayar har ƙarshe shi ne sanadin da aka fi gani. Tsayuwar fankar kati kuwa ba ta nuna mutuwa, domin katuna da yawa ba sa juya fanka sai sun ɗau zafi.

Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu nuna inda tashin kwamfuta ya tsaya. Idan ta DRAM ce ta kama, laifin na ma'adanar RAM ne, katin ba ruwansa. Idan ta VGA ce, sai a cire batirin CR2032 na 'yan mintoci don saitin BIOS ya koma na asali.

Wani lokaci hoto yana fitowa, amma sunan katin ba ya bayyana. Idan Device Manager na Windows ya nuna Microsoft Basic Display Adapter, ma'anarsa an ga katin, manhajar direbansa ce babu. A goge tsohuwar da DDU, a sauke sabuwa daga shafin Nvidia, AMD ko Intel.

Sharaɗin da ke ɗaure duk wannan shi ne a sauya abu ɗaya kawai, a kunna, a duba, sannan a wuce gaba. Wanda ya sauya abubuwa uku a lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi, bai san abin da ya gyara ba, ranar da matsalar ta dawo kuma sai ya koma farko. Gwajin ƙarshe shi ne a sa katin a wata kwamfuta mai aiki. In ya ƙi tashi a can ma, to, a nan ne mai shi zai tunkari wanda ya sayar masa da hujja a hannu.