Kalmar da Ta Rage wa Baba

Sunan kyanwarmu Basanti. Baba ne ya raɗa mata shi a daren da ta faɗo tsakar gidanmu ta kan katanga, 'yar mitsitsiya, baƙa wuluk, tana kuka ba ƙaƙƙautawa. Ya ɗan saurare ta, ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai Basanti ce." Duk wanda ya kalli Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, ya san Basanti, budurwar nan mai tuƙa keken doki wadda Hema Malini ta fito a matsayinta, wadda bakinta ba ya hutawa ko da na ƙiftawar ido.

Mahaifina tela ne a Fagge. Tun yana saurayi, in ya tashi daga kan keke da daddare, silima yake nufa. Ya sha ba mu labarin Plaza da Eldorado da Orion, da yadda ake zama a fili ba rufi, ana kallon allo ana kallon taurari. Ba ya jin Indiyanci, amma in ya dawo gida sai ya zaunar da mu ya kwashe fim tun daga farko har ƙarshe, har da abin da kowa ya faɗa. Sai da aka fara fassara finafinan nan da Hausa na gane cewa rabin maganganun da ya sa a bakin Amitabh Bachchan nasa ne, kuma sau da yawa nasa sun fi daɗi.

A daminar 2023, yana tsaka da yanka yadi, almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Likita ya ce hawan jini ne da aka daɗe ana wasa da maganinsa, har jijiya ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Wannan ɓangare shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane can ne mazaunin magana. Muka dawo gida da Baba, hannun dama a shanye, ƙafa tana ja. Mutumin da ya fi kowa zance a layinmu ya koma ba shi da komai a baki sai kalma guda: "To."

Innarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena duk suna ɗakunansu, jinya ta faɗo kaina, ni auta, mai sunan mahaifiyarsa. Da safe in tafi makarantar da nake koyarwa, da rana in dawo in yi wanki da girki. Dare ne ya fi mini wuya, domin lokacin hira ne, ga shi babu mai yin ta. Don in tsere wa shirun na fara sa mana kallo bayan sallar lisha, a talabijin in an kawo wuta, a waya in ba a kawo ba. Basanti kuwa ta zaɓi wurin zamanta tun daren farko. Kan shanyayyen hannun nan take kwanciya, wanda 'yan dubiya ke kawar da ido daga barinsa.

Na sami littafin rubutu irin na ɗalibaina, na riƙa rubuta ra'ayina a kan duk abin da muka kalla, layi biyu ko uku, in karanta masa. A nan na gano cewa "to" ba kalma ɗaya ba ce. Da muka kalli Sangaya na rubuta: "Labarin ɗan sarki da 'yar aikin gida tsohon labari ne, amma Fati Muhammad ta sa na manta da haka." Baba ya ce "To!" gajere, mai nauyi, irin na wanda aka biya shi kuɗin ɗinki cif. Da muka bi Daɗin Kowa na Arewa24 na rubuta cewa rigimar Kamaye da Adama ta fi mini duk soyayyar shirin, domin na san irinsu a unguwarmu. Ya ja "Tooo" yana girgiza kafaɗar da ke motsi, dariyarsa ke nan. Wani fim mai dogon zango kuwa, wanda aka shafe kashi uku ana gaisuwa a falo, na ce an ɗauki yadi ɗaya ana son a fitar da babbar riga. Ya dube ni ya ce "To?" kamar mai cewa, ke wa ya aike ki?

Ranar da na sa mana Sholay na yi kuskure. Na manta da Thakur, tsohon ɗan sandan da ɗan fashi Gabbar Singh ya sare wa hannaye biyu, wanda kullum ke lulluɓe da mayafi. Da aka zo wurin da mayafin ya zame aka ga hannayen riga suna reto babu komai a ciki, sai na ji numfashin Baba ya sauya. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni da hagunsa. Muka kalla har ƙarshe, sama da awa uku. A daren nan ban rubuta komai ba, shi ma bai ce komai ba. Na dai ga ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya ɗora shi a bayan Basanti.

Ana haka Gwaggo ta zo daga ƙauye ta yi mana mako biyu. Tana ganin kyanwar ta tsuke fuska. "Ke 'yar nan, baƙar mage kike bari tana hawa jikin marar lafiya? Kin san ko mece ce? Tun da ta shigo gidan nan ai ba a ga daidai ba." Na ce, "Gwaggo, likita ya ce hawan jini ne." Na tuna mata cewa babban sahabi Abu Huraira saboda 'yar kyanwa aka yi masa wannan laƙabi, kuma malamai sun ce ko ruwan da ta sha ba najasa ba ne. Ta ce ba ta musa ba, amma ai akwai kyanwa akwai abin da ke shiga rigar kyanwa. Kullum da maganar take kwana, da ita take tashi, har maƙwabta suka fara sa baki.

Ba zan ɗora wa Gwaggo laifin abin da ya biyo baya ba. Ƙaunar ɗan'uwanta ce ta sa ta magana, ni kuwa gajiya ce ta sa na yarda. Na gaji da wanki, na gaji da gashin kyanwa a kan zanen gado, na gaji da musu. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina jin haushin yadda Baba ke sakin fuska in ya ga Basanti, alhali ni da ke ɗauke masa fo sai ya sunkuyar da kai. Da hannuna na sa ta a buhu, na kai wa wani mai sito a kasuwar hatsi ta Dawanau, wanda ɓeraye suka addaba. Ban shawarci Baba ba. Na ce a raina, ko na tambaye shi me zai ce in ba "to" ba?

Bai ce "to" ɗin ba. Kwana shida ko ita ban ji daga bakinsa ba. In na kai masa kunu sai ya juya fuska bango, in na kunna kallo sai ya rufe ido. A nan na fahimci girman abin da na aikata. Na ɗauki mutum mai kalma ɗaya tamkar wanda ya amince da komai, na manta cewa hankalinsa na nan daram, harshe ne kawai ya ci amanarsa. Sunkuyar da kan da nake jin haushi kuwa kunya ce ta uba a gaban 'yarsa. A gaban kyanwa babu abin kunya, domin ita ba ta san shi da wata kama da ta wuce wannan ba.

Rana ta bakwai na koma Dawanau. Mai siton ya ce tun da na kawo ta ba ta kama ɓera ko ɗaya ba, kyanwar Lami ce, sai kuka. Na same ta a saman buhunan gero ta rame, duk ta yi butu-butu da ƙura. Da na sauke ta a ƙofar ɗaki, ba ta ko dube ni ba, ta wuce ta haye hannun nan. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce "To," a hankali, da irin muryar da yake kirana "Uwata" a da.

A 2025 na samo mana Flow, fim ɗin zane daga ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a shekarar. Labarin wata kyanwa ce mai duhun gashi da ambaliya ta raba da gida, ta sami kanta a cikin jirgin ruwa tare da kare da wani dogon tsuntsu da wasu dabbobi da ba jininta ba. Tun daga farko har ƙarshe babu kalmar ɗan Adam ko ɗaya, amma ban taɓa rasa abin da kowa ke nufi ba. Basanti ta tashi zaune tana bin allon da ido, kunnuwa a miƙe, har ta kai masa hannu sau biyu.

Da aka gama na ɗauko littafina, wanda yanzu ya zama na huɗu. Na rubuta: "Wanda ya yi fim ɗin nan ya taɓa zama da marar magana." Na karanta wa Baba. Ya miƙo hannun hagu ya karɓi biron, ya daɗe yana kokawa da shi, sannan ya ja wani karkataccen layi a ƙarƙashin jimlar, irin wanda yake ja da alli a kan yadi in ya tabbata awo ya yi daidai.