Gizo, Zeyus da Jikokina

'Yata ta biyu tana zaune a Amurka da mijinta da 'ya'yansu uku. Ba ta sa yaran a makaranta ba, ita ke koya musu karatu a gida, kuma dokar ƙasar ta yarda da haka a kowace jiha. Kwanakin baya ta kira ni da dare, ta ce, "Baba, littattafan wannan zangon sun iso, a ciki har da na allolin Girkawa. Matan cocinmu sun rabu biyu. Wasu sun ce kada littafin ya kwana a gidan Kirista, wasu sun ce a fara tun yaro yana shekara shida. Kai me ka gani?" Na ce ta ba ni kwana biyu, domin ta taɓo mini tsohon miki.

Mahaifina Bamaguje ne daga ƙasar Kano, ya karɓi bishara yana magidanci. Ranar da ya tara layu da guraye ya cinna musu wuta a tsakar gida, ina tsaye a bakin rumbu ina kallo. Daga ranar ya hana giya, ya hana zuwa wajen bori, ya hana har tatsuniya. Kakata ce ke yi mana ita a ɓoye idan ya tafi addu'ar yamma. Tana kaɗa mazari a gaban aci-bal-bal, sai ta sassauta murya ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu kuma mu matso har gwiwoyinmu su taɓa nata. Na daɗe ina ganin tsananinsa ya yi yawa. Sai da na tsufa na fahimce shi. Mutumin da ya yanka wa Doguwa baƙar akuya da hannunsa, ya kwana yana tsoron kada ta shanye masa ɗa, ba zai iya jin sunanta a matsayin hira ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kuskuren nawa ne. Ni maciji bai sare ni ba, amma na ɗauko dokar babana cur na kafa a gidana. Ɗana na fari ya tashi ya haddace ayoyi masu yawa, bai san komai game da abin da sauran al'ummai suka faɗa a kan farkon duniya ba. Da ya shiga jami'a, wani malami ya gaya musu cewa mutanen Babila ma suna da labarin ruwan tufana, da jirgi, da tsuntsayen da aka saka su dubo ƙasa, yana cikin labarin Gilgamesh, kuma wani Bature mai suna George Smith ne ya karanto shi a 1872 daga allunan yumɓun da aka tono a Nineba. Yaron ya dawo hutu ya zauna a gabana, idonsa ja, ya ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ban da amsa, don ni ma ban sani ba. Abin da ya girgiza shi ba labarin ba ne, zaton da ya yi ne cewa mun ɓoye masa don muna tsoro. Ya ɗauki shekaru kafin ya sake zama cikin sujada da zuciya ɗaya.

Wannan ya mayar da ni ga Littafi Mai Tsarki da sabon ido. A Ayyukan Manzanni sura 14, mutanen Listira sun ɗauki Barnaba a matsayin Zeyus, Bulus kuma Hamis, har firist ya kawo bijimai za a yanka musu. Yaron da bai san su waye waɗannan ba, yaya zai gane dalilin da ya sa manzannin suka yage tufafinsu? A sura 17 Bulus ya tsaya a Atina ya kafa hujja da maganar mawaƙan Girkawa, wato ya karanta su. An koya wa Musa hikimar Masarawa, an koya wa Daniyel harshe da littattafan Kaldiyawa, amma da aka zo kan abincin sarki ya ƙi. Muhawarar ma tsohuwa ce a ikkilisiya: a ƙarni na huɗu Basil na Kaisariya ya rubuta wa matasa yadda za su amfana da littattafan Girkawa, su ɗauki mai kyau su bar sauran.

Ga abin da na gaya wa 'yata. A koya, amma gida ake fara ginawa kafin a yi masa taga. Ɗan shekara biyar ko shida bai gama raba tatsuniya da gaskiya ba. Idan ka ba shi Samson da safe, Hakulis na Girkawa da yamma, duk kwando ɗaya zai zuba su. A bar shi da Yusufu da Dauda da Yesu har su zauna masa daram. Wajen shekara takwas ko tara, lokacin da shi da kansa zai tambaya, "Mama, wannan ya faru da gaske?", to ya isa. Kuma daga bakin uwa ya fara ji, ta riga ta karanta, domin labaran Zeyus cike suke da neman mata da yaudara, akwai na tsallakewa sai yaro ya balaga. A ƙasar da suke, ko ta hana za su ci karo da allolin Girkawa da na Romawa a fim da sunayen taurari da na watanni, irin su Janairu da Maris.

Na ƙara mata abu guda da matan cocinsu ba za su gaya mata ba. Allolin Girkawa sun zama labari a wurin jikokina, amma bori bai mutu ba, a danginmu akwai waɗanda har yau ake yi musu girka. Wannan sai yaran sun yi hankali sosai, a yi musu bayani da natsuwa, ba tare da zagin dangi ba. Amma Bayajidda da rijiyar Kusugu, da Barbushe a kan dutsen Dala, da Gizo da Ƙoƙi, nasu ne. Ba na so su san dutsen Olimfus na allolin Girkawa su kasa sanin Dala.

Ta ajiye littafin Girkawan sai baɗi saboda ƙananan, babban kuma sun fara tare. Ni aka bar wa Gizo. Kowace Asabar ina aika musu tatsuniya ɗaya ta WhatsApp da muryata, yadda kakata ta ba ni ita.