Asabar a Kurmin Formby

Har yau ina mamakin yaron nan. Wanda a gida ko bayan ganuwa bai cika leƙawa ba in rana ta yi gora, don tun yana goye aka cusa masa cewa daji na mafarauta ne da masu itace da waɗanda ba a kiran sunansu da dare, shi ne a Libaful zai idar da sallar asuba ran Asabar, ya ɗora rigar sanyi kan rigar sanyi, ya cusa burodi da dabino cikin gafakar da ya taho da ita daga gida, ya kama jirgin ƙasa zuwa tashar Freshfield, don kawai ya bi bayan wata tsohuwa cikin kurmin bakin teku. Ba wanda ya aike shi.

Ni ne yaron. Karatu ne ya kai ni garin, kuma hunturun farko ya matse ni ainun. Da watan Maris ya kama, yini ya fara tsawo, sai na ga wata 'yar takarda manne a allon sanarwa, ana gayyatar duk mai so ya zo a zaga da shi dajin Formby. Na je. Na tarar da dattawa sun taru a bakin hanya da takalman shiga taɓo, kowa yana hura hannunsa, ga jagorar tamu tsaye a gefe, 'yar sa-kai ce ta ƙungiyar National Trust da ke riƙe da wurin tun 1967. Gajeriya ce, da hular ulu da kwagiri mai ƙarfe a gindi, da madubin hangen nesa rataye a wuya wanda fentinsa ya goge daidai wurin da yatsu ke kamawa. A aljihunta akwai wani ɗan gwangwanin alewar na'ana'a da ke ƙwaranƙwatsa duk taku ɗaya, har sai ta dafe shi da hannu in tana so a yi shiru. A raina Gwaggo nake ce mata.

Ƙamshin kurmin ne ya fara tarbar mu, ƙamshin ƙaro da jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri-gishirin da iska ke kwasowa daga tekun da ba mu kai ga gani ba tukuna. Itatuwan dogaye ne, miƙaƙƙu, masu siraran ganye, an dasa su tun ƙarshen shekarun 1800 don su riƙe rairayi kada ya binne gonaki. Ganyen da suka kaɗe shekara da shekaru ya yi shimfiɗa a ƙasa, mutum yana tafiya ba ya jin takun kansa. Gwaggo ba ta sauri. Takan tsaya cak, ta ɗaga kwagiri, mu ma mu tsaya, sai ka ji wani ɗan ƙas-ƙas can sama, ɓawo yana zubowa ɗaiɗai, ka bi shi da ido har reshe. Ga jan kurege zaune, da tukkun gashi a kunnuwa, yana juya ɗan itace a hannu yana ɓara.

Ita ta gaya mana cewa tun da aka shigo da kurege mai ruwan toka daga Amurka a 1876, jan ya yi ta ja da baya, har ya zama wurare kaɗan ne suka rage masa a Ingila, ga kuma cutar ƙuraje da baƙon ke ɗauke da ita ba ta taɓa shi, shi kuwa ɗan gida takan kashe shi. Da tana faɗa muryarta ta yi ƙasa. Na tuna da muryar nan a 2008, da na ji labarin cutar ta shiga Formby ta share mafi yawansu. Sun farfaɗo daga baya, alhamdu lillahi.

Daga cikin itatuwa sai hanya ta hau tudun rairayi, ƙafa tana nitsewa, ciyawa mai kaifi tana goga wando. Nan wani ƙayataccen kurmin ƙaya yake, mai fure rawaya, in rana ta ɗan taɓa shi sai ya riƙa ƙamshin kwakwa. Amma abin da ya tsayar da ni wata baƙar ƙasa ce da ta leƙo daga jikin tudu, inda teku ya zaftare. Gwaggo ta ɓalgato kaɗan da bakin kwagiri ta miƙo mini. Sharar taba ce, wadda wata masana'anta ta yi ta jibgewa a nan daga shekarun 1950 zuwa na 1970. Na kai hanci. Warin ya yi kama da na battar kakana, 'yar battar nan ta fata da yake ajiyewa a zabira tare da kanwa da tsinken sakace, wadda in ya buɗe ta a zaure sai yara mu hau atishawa. Na juya baya ga mutane na ɗan jima ina kallon teku, don idona ya kawo ruwa.

In ruwa ya janye, takan gangara da mu bakin gaɓa, inda rairayi ya kwashe ya bar wani shimfiɗaɗɗen taɓo mai tauri. A jikinsa akwai sawu. Sawun mutane ne, ba takalmi, manya da yara, da na barewar ƙasar, da na wani ƙaton san daji wanda na ƙarshen irinsa ya mutu a Folan a 1627. Wasunsu sun haura shekara 5,000 a binne, teku ya tone su, kuma tekun ne zai shafe su ba da jimawa ba, shi ya sa abin da ka gani wannan Asabar ba lalle ka same shi a ta gaba ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta nuna mana inda babban yatsa ya danna, inda diddige ya zame, ta ce wannan yaro ne, kuma da gudu yake. Yaron nan da ke tsaye da gafaka ya sa tafin hannunsa kusa da sawun, bai taɓa ba. Ban san me yake nema ba, amma na san ya daɗe a tsugune har sauran suka yi nisa.

Da Afrilu ya shiga an yi mana wata fita da magariba, muka je jin kukan wasu ƙananan kwaɗi masu rawayan zane a gadon baya, waɗanda ba sa tsalle sai gudu, da ke taruwa a kududdufan tsakanin tuddai. Kukansu yana cika kunne.

Sai dai wani tsuntsu ne ya fi zama mini a rai. Wata safiya ce mai iska, Gwaggo ta dafe gwangwaninta, ta cire madubin daga wuyanta ta rataya mini, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Can kan wani turke ɗan tsuntsu ne tsaye, bayansa toka-toka, baƙin zane ya ratsa idonsa, da ya tashi sai fari ya bayyana a gindin wutsiya. Wheatear suke ce masa, nauyinsa bai fi giram 30 ba. Ta tambaye ni daga ina na ce nake. Na faɗa mata. Ta ce to ai ɗan garinku ne, can ya yi hunturu a bakin Sahara, ya keto hamada da Bahar Rum, bai fi 'yan kwanaki da sauka ba. Na sake ɗora madubin a ido, hannuna yana rawa, ina tunanin gonakin da aka girbe, da kara a tsaye, da hazon da ya baro, da yadda watakila ya sauka kan kunyar wani wanda na sani.

A daren na zauna na rubuta wa Inna wasiƙa mai tsawo, kusan dukkanta labarin tsuntsun ne, na ce ƙanena ya karanta mata a hankali kada ya tsallake komai. Amsa ta iso bayan makonni, da rubutunsa mai karkata. Ta ce ta ji, Allah mai iko, kuma tana gaida tsohuwar da kyau. Sannan ta ce a tambaye ni ko ina samun abinci mai zafi.