Cutar da Ba Ta da Suna a Bakinmu

Duk wanda ya san Kasuwar Katako a nan Jos ya san cewa rauni abokin sana'a ne. Kafinta na fama da zarto, ɗan dako na taka ƙusa, sartse kuwa ba a ma lissafa shi. A wurinmu jini kaɗan ba ya hana cin kasuwa: a ɗaure da tsumma, a koma bakin aiki. Sai dai masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma garin nan namu ya taɓa shaida haka.

A farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin mishan na Jos, tana fama da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta da ɗan yanka a yatsa, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, an kai ta Amurka ta rayu. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka raɗa mata sunan Lassa. A 1970 cutar ta sake ɓulla a asibitin Jankwano, inda Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa wajen binciken gawa, ta rasu a watan Fabrairu. Tun da zazzaɓin ya sami suna ya zama abin da ake iya zargi, a gwada, a killace mai shi. Yau in ka ambaci Lassa a sashen hatsi na Katako, za a tuna maka da ɓera.

Akwai kuma wata masifa da ta fi Lassa kisa nesa ba kusa ba, wadda har yanzu ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Likitoci na kiranta sefsis. Ƙwayar cuta kan shiga ta rauni, ko huhu, ko mafitsara, ko mahaifar mai jego, sai jiki ya tashi yaƙarta har ya wuce gona da iri, ya koma yana lahanta ƙodarsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 11 suka mutu ta wannan hanya, wato kusan ɗaya cikin kowane biyar da suka rasu a duniya a shekarar, kuma Afirka ta kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari.

A gidajenmu "zazzaɓi" kawai muke cewa, kalmar da ta haɗa maleriya da taifod da ɗan ɗumin jiki. Wanda ya ji ta ba ya razana: a leƙa kemis, a sayo ƙwayoyi, a jira gobe. Alhali in numfashi ya koma sama-sama, majinyaci ya fara sambatu ko ya daina gane mutane, fitsari ya ɗauke, hannu da ƙafa suka yi sanyi, to gobe ta yi nisa. Masana kulawar gaggawa na ba da shawarar cewa, in jiki ya kai wannan hali, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda, tare da ƙarin ruwa, domin jinkiri na ƙara haɗari.

A nan ne mu masu nazarin harshe da adabi muke da namu kaso. Magabata sun raɗa wa sanƙarau sunan da ke ɗauke da alamarsa, shi ya sa uwar da ta ga wuyan ɗanta ya sanƙare ba ta jiran asuba. Sefsis ma na buƙatar irin wannan suna, wanda mai talla da kafinta za su ji su miƙe tsaye. Ya kamata mu zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ma'aikatan rediyo mu tsayar da shi. Ajali na hannun Allah, amma neman magani a kan kari hakki ne da ya rataya a wuyanmu.