Ranar da idon autata ya yi ɗorawa

Da kaka ne, ana tsakiyar girbin hatsi, masassara ta kama autata, ƴar shekara huɗu. A unguwar Birni muke zaune, nan Damagaram. Kwana biyu jikinta kamar garwashi. Ran na uku da safe uwarta ta ce: "Malam, zo ka ga idon yarinyar nan." Farin idon ya koma ɗorawa, fitsarinta kuwa kamar shayi.

Tsohuwata ta ce: "Shawara ce, ba ta son allura." Aka jiƙa saiwar rawaya, aka hana ta mai da nama. Ni ma na yarda, don da haka muka tashi. Muka ƙara kwana biyu. Sai da na ga tafin hannunta ya yi fari fat, tana numfashi sama-sama, kana na saɓe ta sai babban asibiti.

Aka ɗibi jininta aka auna. Ashe zazzaɓin sauro ne ya farfasa ƙwayoyin jinin. Nawa aka ɗiba aka ƙara mata.

Likita bai yi mini faɗa ba, shi ya sa kunya ta fi kama ni. Ya ce shawara alama ce, cututtuka da dama ke kawo ta tare da masassara. Akwai ciwon hanta na gurɓataccen ruwa, irin wanda ya ɓarke a jihar Diffa a 2017. Akwai amosanin jini, da shawarar da sauro ke bazawa, wadda ake yi wa yara rigakafinta suna wata 9.

Har ya gaya mini wata da ban taɓa ji ba, wadda wani likitan Japan, Kawasaki, ya bayyana a 1967. Jijiyoyin jinin yaro ne ke kumbura. Masassara ta kai kwana biyar ba ta sauka, ido ya yi ja, leɓe ya tsattsage, hannu da ƙafa su kumbura, wani lokaci shawara ta biyo. In ba a tare ta cikin kwana goma ba, tana iya taɓa jijiyoyin zuciya. Ya ce ba ta da yawa, amma ita ma jiƙo ba ya ture ta.

Kwana shida muka yi a asibiti. Har gobe tsohuwata cewa take rawaya ce ta soma aikin, likita ya ƙarasa. Ban taɓa yi mata gardama ba.